Rubutun Jikin Kwalbar Shito

Baba Hudu, mai sharar masallaci, ya dire kwalbar a kan teburin Mubarika, ruwan kwata na ɗiga daga gindinta. Da hannu biyu ya riƙo ta, kamar mai ɗauke da jinjiri.

"Malam na kiranki, 'yata. Ki zo da wannan."

Hantsin Juma'a ne a unguwar Maamobi, ko gama jera kaya ba ta yi ba. Shito take sayarwa, baƙin yajin nan da ake soyawa da mai da busasshen kifi, kuma teburin nan na bakin ƙofar masallaci shi ke ci da ita da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta. Wurin na masallaci ne. In Malam Falalu, limamin, ya ce a ɗage, to an ɗage.

Ta dubi kwalbar, ta san laifinta. Ƙanenta Muftahu, da ke karatu a Malesiya, shi ya taɓa kawo shawarar su riƙa aika shito can. Har takardun mannawa ya bugo ya aiko mata, koraye masu sheƙi, da rubutun mutanen can na baƙaƙen Larabci. Shiton dai har yau bai hau jirgi ba. Takardun suka yi ta zama a ƙarƙashin gado, ran nan ta ce asara ba da ita ba, ta manna su a kwalabenta.

Daga ranar ciniki ya buɗe. Wasu suka ce daga Madina ake kawo shi, wasu suka ce addu'a ce a jiki. Mubarika ba ta taɓa cewa haka ne ba. Ba ta kuma taɓa cewa ba haka ba ne.

Ta tarar da Malam a ɗakinsa na gefen masallaci yana duba huɗuba. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Hudu ya ce kina sayar da ayoyi, ana gama lashewa a jefa su kwata," in ji Malam.

"Allah gafarta Malam, ba aya ba ce."

"Mene ne?"

Ita ma ba ta taɓa sanin abin da aka rubuta ba.

Malam ya gyara tabarau, ya sa aka goge kwalbar, ya kai ta bakin taga. Mutumin da ya yi furfura a kan littattafai, har daga unguwar Kanda ake zuwa ya karanta wa mutane tsohon ajamin kakanninsu, sai ga shi yana motsa baki ba abin da ke fita. Ya juya kwalbar. Ya sake juyo ta.

"Babu wasali ko ɗaya," ya ce. "Ga ain an ɗora masa ɗigo uku. Ga kaf da ɗigo a kai. Wa ya ba su izini?"

Ya ajiye kwalbar, ya dubi Mubarika.

"In akwai sunan Allah a nan, yau za ki kwashe teburinki. Ba ni da yadda zan yi."

Ta ciro waya ta kira Muftahu, ta ƙara sautin wayar. Can yamma ta yi, ana jin ƙarar cokali, da alama abinci yake ci.

"Yaya, lafiya?"

"Ga Malam. Ka karanta masa abin da ka rubuta a kwalbata, kada ka tsallake komai."

Muftahu ya haɗiye loma, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya shiga bayani, don tun yana yaro ba a tambayarsa abu ya tsaya a kansa. Ya ce Jawi suke kiran rubutun. Harshensu na Male ne, baƙaƙen kawai suka ara. Sautin da babu a Larabci sai su ƙara wa harafi ɗigo. Wasali kuma ba sa sa fataha da kisira, sai alif da wau da ya, su ma akwai inda doka ta ce a rubuta, akwai inda ta ce a bari mai karatu ya gane da kansa.

"Ya gane da kansa," Malam ya maimaita. "To. Karanta."

"Barkono. Busasshen kifi. Albasa. Citta. Mai. Gishiri."

"Sai me?"

"A rufe da kyau bayan an ɗiba."

"Wannan dogon layin na ƙasa fa, mai kyan nan?"

"A yi amfani da busasshen cokali, Malam."

Malam ya cire tabarau ya ninke. Ya ce su ma nan da baƙaƙen nan kakanninsu suka rubuta farashin goro, ba wanda ya ce a yi alwala kafin a taɓa. Ya ce Mubarika ta koma teburinta. Daɗi ya kama ta har sai da ta ji ƙwalla.

Baba Hudu bai motsa daga bakin ƙofa ba. Can ya fita, ya dawo yana jan buhun shinkafa, ya kwance bakinsa. Kwalabe ne fal, an wanke su tas, suna ƙamshin turaren wuta. Ashe duk bayan asuba sai tsohon nan ya bi kwatocin unguwa da gwiwarsa mai ciwo yana tsamo su, ya ajiye a saman kabad ɗin Alƙur'anai.

"Waɗannan fa, Malam? Da niyyata in kai su maƙabarta in binne."

"Ka ba mai su."

"Busasshen cokali," in ji Baba Hudu, a hankali. Ya ɗaure bakin buhun, ya tura mata, bai dube ta ba. Kunya ta rufe Mubarika, ta ce masa sannu.

Malam Falalu ba mai barin magana rabi ba ne. Da aka sallame sallah, kafin jama'a su miƙe, ya karɓi lasifika. Ya ce an yi ta ƙananan maganganu a kan wata baiwar Allah, ya bincika, ba ta da laifi. Rubutun da ke jikin kwalbarta ba aya ba ne, ba addu'a ba ne, ba daga Madina yake ba. Ya karanto kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya, har cokalin, muryarsa na kaiwa bakin titi inda motocin haya, trotro, ke lodi. Ya rufe da cewa shiton nan a nan unguwar, bayan gidan Alhaji Sumaila, ake soya shi, halal ne, kowa ya saya hankali kwance.

Jama'a suka fito suna neman takalma. Mubarika ta miƙe, ta gyara mayafi, ta matso da manyan kwalabe gaba. Aka yi ta yi mata barka. Wani ya ce wallahi shi tun farko bai yarda da zargin ba. Wata ta ce Allah ya wanke ta. Suna faɗa suna wucewa.

Hajiya Awabu ce ta tsaya. Ba ta fashin saye ko wace Juma'a, saboda maigidanta da ke kwance, wanda ya daina cin komai sai an lakata masa shiton nan. Ta ɗauki kwalba, ta daɗe tana kallon koren rubutun.

"Ni fa jiƙa takardar nake yi in ba maigidana ruwan," ta ce. "Kina gani ina saye, Mubarika."

"Hajiya, shiton bai canza ba. Hannuna ne, tukunyata ce."

"Na sani. Ai shito kam ni ma na iya."

Ta mayar da kwalbar daidai inda ta ɗauke ta, ta juya rubutun ya kalli bango, ta bi sahun masu tafiya.

Har aka kira la'asar teburin na nan a wurinsa, ba wanda ya ce a ɗage, ba kuma kwalbar da ta ragu a kai.