Ƙanƙarar Motlatsi da Awakin Ralejoe

Laifi ne mutum ya yi ta roƙon abin da ɗan'uwansa ke roƙon Allah ya jinkirta? Har yau ban samu amsa ba. Shi kuwa Motlatsi bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ba.

Watan Mayu na ƙarewa, hunturu na shigowa a duwatsun Maluti na Lesotho, sai ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi. Aikinsa koya wa baƙi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, wata uku kacal a shekara. Kullum yana ƙofar gida yana goga wa katakon zamiyarsa kakin zuma, yana leƙen sama kamar mai jiran budurwa.

Ranar Talata rediyo ta ce ƙanƙara za ta sauko ranar Alhamis, mai yawa. Motlatsi ya yi tsalle har bargonsa ya faɗi.

Yayansa Ralejoe ya iso a kan doki, fuska a murtuke.

"Sarkin santsi, ɗaura sirdi. Awakina na can saman dutse, kuma makon jiya aka aske musu gashi don sayarwa. In ƙanƙarar nan ta same su a haka, ko ɗaya ba za ta kai Juma'a ba."

"Haba Abuti, yayana! Gobe ake zaɓen masu koyarwa. Wanda bai je ba, sai baɗi. Wa ya ce ka yi aski a makare?"

"Layi ne a rumfar aski, ba ni na tsara shi ba."

"To saƙa musu riguna."

Mahaifiyarsu 'M'e Mpolokeng tana tuƙa tuwon masara, ba ta ko ɗago kai ba.

"Bar shi, Ralejoe. Shi ya yi ta kiran ƙanƙarar nan tun Ista, ga ta ta amsa. Ai dole ya je ya tarbi baƙuwarsa."

Ralejoe ya juya dokinsa shi kaɗai. Awaki saba'in, hanyar kwana biyu, mutum ɗaya.

Motlatsi ya ci gaba da guga. Katakon ya yi sheƙi har yana ganin fuskarsa a ciki, fuskar kuwa ba ta yi masa daɗin kallo ba. Iska ta taso daga kudu, mai shiga ƙashi. Ya ja bargo ya rufe kafaɗa, sai ya tuna awakin ba su da ko wannan.

Ya jingine katakon a bango.

"'M'e, ƙulle mini tuwon nan. Ina aka ajiye linzamin?"