Damin Irin Gwaggo Barakatu

A hutun ƙarshen shekarar 1957 na koma gida Ɗansoshiya daga Kano, inda nake koyar da 'yan mata karatu. Duk garinmu ni kaɗai ce macen da ta yi boko, shi ya sa kowa ke ce mini Malama, har mahaifina Malam Ladan idan yana son tsokanata. Abin da ba a sani ba, a gaban ɗalibai kawai nake da baki. Da babba ya dube ni sai muryata ta maƙale, in kama murza bakin mayafi.

Kwana biyu da zuwana mata suka taru a tsakar gidanmu ana sussukar dawa. Yayar babana, Gwaggo Barakatu, ta hango jaridar da na naɗo sabulu a ciki.

"Malama, karanta mana abin da ke jikin takardar nan, mu ma mu ji inda kuɗin makaranta ya tafi."

Na warware ta na karanta, kaina a ƙasa. Labarin yaƙin Aljeriya ne, tsakanin mutanen ƙasar da Faransawa. An ƙone ƙauyuka, an tashi manoma daga gonakinsu, mata da yara suna kwana a fili. Ban kai ƙarshe ba na ji taɓare sun yi shiru.

"Musulmi ne?" in ji Dije, matar maƙwabcinmu.

Na ce Musulmi ne.

Gwaggo ta ce, "Kafin a kore su, sun samu sun yi girbi?"

Jarida ba ta faɗa ba. Na ce da wuya.

"Innalillahi. To ina ne garin nasu?"

Na nuna arewa da hannu, na ce bayan hamada.

"Wajen su Agali ke nan."

Agali shi ne madugun Buzayen da ke saukowa kowace shekara da raƙuman gishiri, su yi zango a bayan gari, su koma da gero. Na san Azbin, ƙasarsu, daban take da Aljeriya. Na taɓa zana su duka biyun a allo, har na dungure kan yarinyar da ta haɗa su. Amma tunda nake ban taɓa ce wa Gwaggo a'a ba.

"Haka ne, Gwaggo," na ce.

Kafin la'asar magana ta gama gari: dangin Agali na cikin yaƙi, Malama ta gani a takarda. Washegari zauren gidanmu ya fara cika. Wannan ya aiko da gero, wancan da dawa. Mata suka turo kuka da busasshiyar kuɓewa da barkono. Laraba daga ruga ta kawo man shanu a gora ta ce a toshe bakin da kyau. Aka yi wuni guda ana gardama a kan daddawa.

"Larabawa ne fa," in ji Dije. "Ba sa cin ta."

"Wanda aka ƙone wa gida zai tsaya zaɓen daddawa?" Gwaggo ta amsa. "A saka. In sun ƙi, su ba baƙi."

Maza da suka ga abin ya yi kyau sai suka karɓe shi. Dagaci ya ce ai tun bara yake da wannan tunanin. Aka umarce ni in rubuta wasiƙa. Na tambayi Baba wa zan rubuta wa, ya ce, "Sarkinsu mana. Ke da kika yi karatu?" Na zauna na rubuta wa Sarkin Aljeriya gaisuwa mai yawa da fatan alheri, har na ƙawata masa rubutun.

Duk wannan na iya haɗiye shi. A rana ta uku ne Gwaggo ta shigo da dami ɗaya a ka, ya yi baƙi da hayaƙin madafa. Ina ganinsa na gane shi. Damin irinta ne, wani gero mai gajerar zangarniya da ke nuna tun na kowa bai fitar da kai ba. Marigayi mijinta ya gado shi wurin kakansa, kuma ita kaɗai ta rage mai shuka shi. Shi ke fitar da ita daga yunwar damina kowace shekara, ba ta roƙi kowa ba.

Baba ya miƙe. "Yaya, wannan fa iri ne."

"Na fi ka sani, Ladan. Abinci kwana nawa zai yi musu? Wanda aka tasa daga gonarsa iri yake nema."

Ta ajiye shi a kan kayan, ta shafa shi sau biyu, ta fita.

Idan damin nan ya bi raƙumi, irin ya ƙare a duniya, kuma ni ce na ce wa Gwaggo haka ne. Sau uku ina zuwa ƙofar ɗakinta. Na farko na gaishe ta na dawo. Na biyu na ce na zo aron matankaɗi. Na uku ta ce, "Ke kam ko miji kike so in nema miki? Faɗi, ba kunya tsakaninmu." Na gudu.

Ranar Alhamis da hantsi aka ɗora kayan a jakuna zuwa zangon Buzaye. Dagaci na gaba, dattawa na biye, sai Gwaggo da wasu tsofaffin mata, sai ni a ƙarshe da wasiƙa a hannu. A ƙarƙashin mayafina kuwa na ɓoye taswirar da nake koyarwa da ita. Na riga na haddace jawabina tun a gida, har da inda zan numfasa.

Agali ya tarbe mu a gindin wata tsamiya, dogo, fuskarsa a naɗe sai idanu. Dagaci ya yi bayani mai tsawo. Aka ce in miƙa wasiƙa. Maimakon wasiƙa sai na zaro taswira na shimfiɗa a kan tabarma.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni," na ce wa dagaci. "Kayan nan ba za su kai ba. Ga mu nan. Ga Agadas, iyakar madugu ke nan. Daga nan duk wannan rawayan rairayi ne, babu hanya, babu kowa. Gero bai taɓa ƙetare shi ba."

Tunda aka haife ni ban taɓa yin magana mai tsawon wannan a gaban maza ba. Na ji kamar in nemi wanda zai yi mini barka.

Agali ya durƙusa ya daɗe yana duban takardar. Sannan ya ɗora yatsa a tsakiyar rawayan.

"Nan ne babu kowa?"

"E."

"Surukaina a nan suke. Ahaggar, cikin ƙasar Aljeriya. Kowace shekara suna saukowa ƙasar Damargu, kudu da Azbin, da gishiri su koma da gero. Ƙanwata ma can take aure, 'ya'yanta shida." Ya juya wajen Baba. "Malam, wanda ya yi zanen nan ya taɓa hawa raƙumi?"

Dariya ta ɓarke. Dagaci har da share hawaye da hannun riga. Wani tsoho ya ce a ba shi takardar ya naɗe taba. Agali ya ƙara da cewa inda ake yaƙin yana can gaba da surukansa, tafiya mai nisa, amma saƙo hannu da hannu yake tafiya, zai ba wanda zai ba wani. Wasiƙar Sarki kuwa ya ce in riƙe abata, bai san gidansa ba.

Na koma gefe na tsuguna. Aka shiga ɗura hatsi a taiki, manyan buhunan fata na raƙuma. Wani Buzu ya ɗauki damin Gwaggo ya nufi raƙumi da shi. Jawabina ya ƙare, mutuncina ma haka. Ba abin da ya rage mini sai tambaya irin ta Gwaggo, wadda ba ta cikin littafi. Ban ma san lokacin da ta fito ba.

"Madugu, ana ruwa a can?"

"Ruwan sama? Ƙanwata ta ce ɗanta na uku ya yi wayo bai taɓa gani ba."

"To wancan damin, idan ya je, shuka shi za a yi?"

"A ina? Turmi za a zuba shi. Kwana biyu an sha fura."

Gwaggo ta yi tsalle kamar ba ita ke kukan gwiwa ba. "A daka? Irin maigidana za a daka? Kai, sauke! Sauke mini abina!"

Ta fizge damin ta rungume. Ta tsaya tana huci, tana duban tulin kayan, sai na ga fuskarta ta sauya. Kowa ya bayar, ita kuma ta karɓe nata a gaban jama'a.

"Ladan, a je rumbuna a kwaso dami goma na ci a ɗora musu."

"Yaya, goman nan su ne abincinki har kaka. Me za ki ci?"

"Tuwon gidanka mana. Ko kai ma an ƙone maka gona ne?"

Baba ya juyo ya yi mini wani kallo, na kama murza mayafi.

Ni aka ɗora wa damin irin muka kamo hanyar gida. Toka na zubo mini a fuska, Gwaggo na biye da ni tana faɗa.

"Kwana uku kina kallona ina bankwana da shi! Kwana uku! Kina zuwa aron matankaɗi!"

"Ki yi haƙuri, Gwaggo."

"Yi tafiya a hankali, kina zubar mini da ƙwaya."

Ta sunkuya tana tsince su ɗaya ɗaya daga ƙasa tana ƙullewa a bakin zani.