Mutanen Lau

Hajiya Habibatu ta shekara goma sha a unguwar Longsight ta Ingila, amma har yau duk mai ƙananan idanu a wurinta ɗan Caina ne. Shi ya sa hankalin ɗanta Rabi'u ya ƙi kwanciya ranar da za su Birmingham gaida mahaifiyar Kamla, yarinyar da yake son aura. Kamla ta musulunta tun suna jami'a, wannan ba matsala. Matsalar ita ce tsohuwar, Mama Buwa, wadda ta ce sai ta ga irin mutanen da za su ɗauke mata 'ya kafin ta amsa.

"Umma, don Allah," in ji Rabi'u a cikin bas, "ban da Caina, ban da Thai. Ko Laotian ɗin nan na Turawa ba ta so. Mutanen Lao ne, yarensu ma Lao. Ta gaji da a riƙa ba ta sunan wasu."

"Kai, raba ni da iyayi! Ni da nake 'yar Kumasi, kullum ake ce min 'yar Najeriya don ina Hausa, mutuwa na yi?"

"Amma kina fushi ai."

Hajiya ta yi tsaki, don gaskiya ya faɗa. Sai ta nemi dabara, ta rataye sunan a jikin gaisuwa. Lao, lau, lafiya lau. Haka ta yi ta nanatawa ƙasa-ƙasa har suka sauka.

Mama Buwa ta buɗe ƙofa, 'yar tsohuwa siririya, ta haɗa tafukan hannu a ƙirji, fuska ba yabo ba fallasa. Nan fa kan Hajiya ya ɗaure. Caina ta zo mata bakin harshe, ta haɗiye ta da ƙyar. Ta lalubo abin da ta haddace, sai ya fito gaba ɗayansa.

"So you are... Lafiya Lau people!"

Wayyo, Rabi'u kamar ƙasa ta tsage ya shige. Tsohuwar ta juya wurin 'yarta tana tambayar wannan kuma wace ƙabila ce aka ƙirƙiro mata. Kamla, da ta tsinci 'yar Hausa wurin saurayinta, ta bayyana mata da yarensu cewa amsar gaisuwa ce, wato lafiya cikakkiya, ba ciwo ba damuwa.

Sai kafaɗun Mama Buwa suka fara rawa, dariya ta ƙwace mata har da riƙe ƙofa.

"Sabai di," ta ce, tana nuna kanta, tana nuna Hajiya. Ashe su ma da lafiya suke gaisawa.

Aka kawo shinkafa mai danƙo a ɗan kwando. Hajiya ta ga tsohuwar ta gutsura da hannu ta dunƙula ta dangwali miya, sai ta ture cokali gefe da murna.

"Rabi'u, ai tuwo ne! Me ya sa ba ka faɗa min mutane ne irinmu ba?"

Da za su tafi, Mama Buwa ta kama hannun Kamla ta ɗora a kan na Hajiya. Ta yi magana a hankali, Kamla na fassarawa hawaye na zubo mata.

"Ta ce tunda ta baro gida an kira ta da sunaye iri-iri, amma ba wanda ya taɓa kuskuren sunanta da addu'a sai ke."