Mutum Sittin da Uku a Kwamfutar Hajiya Awabu

Abin da daddawa ya fara.

Hajiya Awabu ta yi wata biyar a unguwar Dagenham ta Landan, gidan ɗanta na fari Likita Nata'ala, ba ta taɓa buɗe baki ta nemi komai a wurinsa ba. Shekara arba'in da takwas da haihuwarsa, ko sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Ɗan fari ne, akwai kunya. Haka ta tarar ana yi a Malumfashi, haka kuma take yi. Tun daga yaye ƙanwarta Amamata ce ta ɗauke shi ta riƙe, ita yake kira Inna. In magana ta zama dole, sai Hajiya ta ce "yaron nan", idonta a bango. Shi ma in ya zo gaisuwa, a bakin ƙofa yake durƙusawa, ta amsa a taƙaice, ya tashi.

Duk hirarta da Amamata take yi. Jikarta Zarah, da za ta koma jami'a can Bloomsbury, ta bar mata tsohuwar kwamfutarta, ta nuna mata inda za ta danna fuskar Amamata ta fito daga Malumfashi, ƙatuwa kamar faifai. Kullum bayan azahar sai Hajiya ta tura ƙofa, ta cire ɗankwali, ta miƙe ƙafa, su yi ta yi.

Wata ranar Laraba Hajiya ta ce wa Amamata miyar ƙasar nan lami ce, rabonta da ƙamshin daddawar kalwa tun a gida. Ta ƙara da cewa kada yaron nan ya ji, ya zaci raina abincin matarsa take yi. Ranar Asabar sai ga daddawa a miyar kuka. Ta ci, ta gode wa Allah, ba ta kawo komai a ranta ba.

Bayan mako biyu ta ce gwiwoyinta na ƙara in ta yi sujada da asuba, amma kada ya ji. Kwana uku, ta tarar da kujerar salla a ɗakinta. Nan ta daɗe tana kallon kujerar.

Sai maganar ido. Ita ce ta ɓoye wa kowa a gidan. Yanar ido ta rufe mata na dama, na hagun ma ya fara hazo. Takan zuba shayi a gefen kofi, ta goge da sauri. Matakalar bene da ƙafa take lalube. Ta gaya wa Amamata da murya ƙasa-ƙasa, ta rantsar da ita kada ya ji, don in ya ji zai kai ta Turawa su sa mata wuƙa a ido. Ranar Litinin sai surukarta Shafa'atu ta shigo da takarda, ta durƙusa.

"Hajiya, Baban Zarah ya yi miki booking a asibitin ido. Talata ta sama, ƙarfe goma."

"Wa ya ce idona na ciwo?"

Shafa'atu ta sunkuyar da kai. "Shi dai ya ce in faɗa miki."

Da Shafa'atu ta fita, Hajiya ta shiga lissafi. Ɗakin a rufe yake in tana hira. Shafa'atu tana wurin aiki a lokacin, shi kuma yana asibiti. To wa ya ji? Sai ta tuna wata Hamdatu, 'yar zangon Kumasi, da ta taɓa faɗa a masallacin mata cewa yanzu ana dasa wani abu a cikin kwamfuta, yana ji, yana gani, yana kai rahoto. Ta juya ta kalli kwamfutar a kan tebur, da ɗan idon nan nata baƙi a sama. Ta yafa mata tawul.

Ashe ɗan da ta haifa ya sa mata mai gadi, kamar ɓarauniya? Ta yanke a ranta: in gaskiya ne, ba za ta ƙara mako a gidan nan ba. Ta jawo akwatinta ta fara haɗa kaya, ta tura shi ƙarƙashin gado.

Da safe, da gidan ya watse, ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarsu Jane. Jane mutuniyar Jos ce, ta ba hamsin baya, tana aikin kwamfuta a ofishin ƙaramar hukuma, kuma ita kaɗai ce a layin Hajiya ke zama su yi Hausa har shayi ya huce.

"Mama, lafiya? Kin naɗe ta a tawul kamar jaririya."

"Ki duba mini ita. Akwai mai saurare a ciki."

Jane ta so yin dariya, ta ga fuskar Hajiya ta fasa. Ta ce akwai manhajar da aikinta ke nan, farautar masu leƙen asiri. Ta sauke ta, ta danna, wani koren layi ya fara tafiya a hankali.

"Yanzu tana yin scanning. Ɗaki-ɗaki take bi."

"Ɗakuna gare ta?"

"Dubbai, Mama."

Hajiya ta dubi kwamfutar da kaurinta bai kai na faranti ba. Can sai aka ji ƙara, rubutu ya cika fuskar, wasu rawaya, ɗaya ja.

"Ta samu sittin da uku," in ji Jane.

"Mutum sittin da uku?" Hajiya ta dafe ƙirji, ɗaya hannun ya kai kan ɗankwali. "Innalillahi! Kuma ni kullum ba ɗankwali nake zama gabansu! Maza ne?"

"Ba mutane ba ne, Mama. Sittin da biyun nan na 'yan talla ne. Kamar mai shago ya riƙe fuskarki, in kin sake wucewa ya kira ki."

"To ai kin ce ba mutane ba ne."

"Ba mutane ba ne, amma na mutane ne."

"Su waye? 'Ya'yan wa?"

Jane ta sosa kai. "Mu bar su tukuna. Jan nan shi ne magana. Wannan manhajar sa ido ce ta gaske, wani ne ya zauna ya saka ta da hannunsa. Ga ma sunan wanda ake aika wa rahoto." Ta matso ta karanta da ƙarfi: "Nata'ala."

Hajiya ta kawar da fuska wajen taga. Sunan ya faɗo a ɗakin kamar an yar da kwano.

"Amma tsaya, Mama. Irin wadda iyaye ke sa wa yara ce, don su san inda suke shiga. Dubi ranar da aka saka ta, shekara bakwai ke nan."

"Shekara bakwai?" in ji Hajiya. "Ina Malumfashi ina zaman zamana, shi yana nan yana shirya mini tarko tun shekara bakwai?"

"Ba ke aka yi wa ba! Zarah aka yi wa. Kuma wannan ba ta jin murya, rubutu kawai take gani da wuraren da aka shiga."

"Ni ban iya rubutu ba, ban kuma shiga ko'ina ba, ina ɗakina. Amma ya ji. To ta ji ke nan."

Jane ta jawo kwamfutar gabanta. Ta ce bari dai a cire. Ta danna, jan ya ɓace, rawayen suka bi shi. Ta ce an killace su.

"A ina?"

"A ciki. Amma a kulle."

"Wato suna nan."

Sai da Jane ta goge su gaba ɗaya, ta kuma yanko baƙin salatif ta manne ɗan idon na sama, sannan Hajiya ta yarda ta karɓi kayarta.

Bayan azahar ta kira Amamata. Amamata ta yi ta cewa duhu kawai take gani, Hajiya ta ce haka ake so. Ta kwashe labari duka ta gaya mata: an kama shi dumu-dumu, da sunansa da komai, mutum sittin da uku, akwatinta ma a haɗe yake a ƙarƙashin gado, gida za ta dawo. "Kuma kada yaron nan ya ji. Sai dai ya wayi gari ya ga ba ni."

La'asar ba ta yi sanyi ba sai ta ji motarsa a waje, mutumin da ba ya dawowa sai bayan magariba. Ta ji takunsa a bene tare da na Shafa'atu. Suka tsaya a bakin ƙofarta. Bai shigo ba. Ya yi gyaran murya, ya fara magana da matarsa da ƙarfin da na cikin ɗaki zai ji.

"Shafa'atu, ki gaya wa Hajiya abin nan na Zarah ne, tun tana sakandare. Wallahi na manta da shi, imel ɗin ma na daina buɗewa. Ki ce mata ta yi haƙuri." Ya ƙara da cewa, "Ki kuma roƙe ta ta kwance akwatin nan na ƙarƙashin gado."

Hajiya tana zaune a bakin gadon, dunduniyarta na taɓa akwatin. An cire ja, an cire rawaya, an manne ido. Tawul ma ta mayar. Ta kalli silin, ta kalli fitila, ta kalli kujerar salla. Ko a kujerar yake? Ta tashi ta ja kujerar ta fitar da ita waje, ta wuce su ba ta kalli kowa ba, ta sauka tana lalube, sai gidan Jane da kwamfuta a hammata.

Jane ta sake sa manhajar. Koren layin ya yi tafiyarsa har ƙarshe.

"Tas take, Mama. Ko ɗaya babu."

"To an bar na sittin da huɗu. Ya san maganar akwati."

"Wa ya ga akwatin?"

"Ba kowa."

"Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa. Amamata kawai."

Jane ta cire tabarau ta ajiye. "Maganar ido fa?"

"Amamata."

"Daddawa?"

"Ke, Amamata ƙanwata ce, ciki ɗaya! Kuma tana Malumfashi. Daga Malumfashi za ta jiyo... " Ta tsaya cak, ta kalli Jane.

Jane ta juyo da kwamfutar ta danna kira. Amamata ta fito tana tsince shinkafa a tire.

"Yaya, har yanzu duhu nake gani."

"Amamata, tsakaninki da Allah. Ke kike gaya wa yaron nan maganata?"

"Eh mana," in ji Amamata, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Da wa zai gaya masa?"

"Ban ce kada ya ji ba? Ban rantsar da ke ba?"

Sai a lokacin Amamata ta ajiye tiren. "Yaya, yau kuma? Ranar da za a kai shi makarantar kwana kika soya masa gyaɗa, kika ce in ba shi, kada ya ji daga wurinki take. Na gaya masa, kika ji daɗi. Da zai yi aure kika ce yarinyar ta kwanta miki, amma kada ya ji. Da ban faɗa ba da har yanzu yana jiran amincewarki. Shekara arba'in da takwas, duk abin da kika ce kada ya ji, shi ne wanda nake ɗauka in kai. Wanda ba ki ce komai a kai ba, shi nake bari. Ke kika koya mini, ba wani ba."

"Amma na ido da gaske nake!"

"To ta yaya zan bambance? Murya ɗaya kike faɗarsu." Amamata ta matso har hancinta ya cika fuskar kwamfutar. "Kuma ko na bambance sai na faɗa. So kike ki dawo mana makauniya, in riƙa jan ki zuwa banɗaki, ɗanki yana likita a Landan? Shi ma fa haka yake yi mini. Jiya ya ce tun da ya ga kina lalube a bene ba ya samun natsuwa a wurin aiki. Ya ce kada ki ji."

Jane ta tashi wai za ta ɗora shayi, kafaɗunta na rawa.

Hajiya ta zuba wa kwamfutar ido. Ta rasa wa za ta yi fushi da shi. Jan abin nan da sunansa a jiki gaskiya ne, ta gani, ko da yake da ido ɗaya. Amma wai ba abin ne ya ji ta ba. Wadda kuma take kai rahoton ba a ɓoye take ba, ga ta nan da tiren shinkafa, ko kunya babu. Su kuma sittin da biyun har yanzu ba wanda ya gaya mata 'ya'yan waye.

"Amamata."

"Na'am, Yaya."

"Talatar nan zan je." Ta gyara ɗankwali, ta kalli bangon Jane. "Amma kada yaron nan ya ji ina jin tsoro. Kada kuma ya ji na fi so ya kai ni da kansa, ya tsaya a wurin har a gama."

"Ba zai ji ba," in ji Amamata, ta katse kiran.

Hajiya ta naɗe kwamfutar a tawul. Jane ta leƙo ta ce ai yanzu sai a cire salatif ɗin, Hajiya ta ce a bar shi inda yake. Tana taka matakalar ƙofar gidansu ta jiyo waya na ƙara a falo, sannan muryarsa, ƙasa-ƙasa: "Na'am, Inna."

Ta wuce sama a hankali, ta jawo kujerar salla ta mayar ɗaki.