Hannun Lola Pilang

Ni rafali ne, na tsufa ina faɗuwa rub da ciki ina dukan katako da tafin hannu, don haka kada wani ya zo yana ba ni labarin jarumtar 'yan kokawar talabijin. Na san warin hammatarsu, na san ƙaton da yake hawaye idan ƙusa ta karce shi. Kafin a kunna kyamara, Boss Nanding, mai kamfanin, ya riga ya gaya mini wanda zai faɗi da wanda zan ɗaga wa hannu. Aikina in yi kamar ban sani ba, in kuma kau da kai daidai lokacin da mugu zai ɗauko kujera.

Mugun namu a lokacin Rodel Magpantay ne, ɗan wani ƙauye a Batangas. A dandali sunansa Don Severino, wai mai gonaki, da farar kwat da sanda mai kan azurfa, yana kiran 'yan kallo bayin ubansa. Manila kaf ta tsane shi. Mata suna jifansa da silifa, wani direban tasi ma ya taɓa sauke shi a tsakiyar gada. Shi kuwa sai washe baki, don a sana'ar nan tsana ce abincin mugu. Ranar da aka daina tsanarsa, sai dai ya naɗe kwat ya koma dako a kasuwar Divisoria, inda Boss ya tsinto shi.

Jarumin kuma Jomar ne, wanda ake wa laƙabi da Walƙiya. Gashi ya sha mai, haƙora fes, yana sumbatar jarirai a gaban kyamara, da an kashe ta ya goge baki. Ban taɓa zama da mai ƙyashi irinsa ba. Ko ruwa ka sha a gabansa sai ya leƙa ya ga ko naka ya fi sanyi.

Da babban wasan Disamba ya matso, Boss ya tara mu a ɗakin canza kaya, ya ce Don Severino ne zai kayar da Walƙiya ya karɓe kambu, don jama'a su shekara suna sayen tikiti suna jiran ramuwa.

"Boss, ni zan kwanta wa ɗan dako?" in ji Jomar.

"Za ka kwanta, har minshari za ka yi in na ce," Boss ya amsa, ko kallonsa bai yi ba. "Muddin suna tsanarsa haka, kambu nasa ne."

Rodel yana ɗaure takalmi ya ce, "Kwantar da hankalinka, Kuya Jomar, babban yaya, a hankali zan danne ka. Ni ma ba na son man gashinka ya ɓata mini kwat."

Ɗaki ya kwashe da dariya, ban da Jomar. Shi kalmar "muddin" kawai ya ji, ya kuma tafi da ita gida.

To, muna da doka: ba a gaya wa na waje cewa tsara wasan ake yi, ko da uwarka ce. Rodel kuwa kakarsa ce ta raine shi, Lola Pilang, wato Kaka Pilang, a ƙauyen da ko wutar lantarki babu. Ita a saninta jikanta yana aikin koyar da motsa jiki ne a gidan talabijin. Duk mun san labarinta, don da Rodel ya sha kwalba ɗaya sai ya fara Lola kaza, Lola kaza, har mu gaji. Mun kuma san bai taɓa shiga inda take ba sai ya yi mata mano, ya sunkuya ya kama bayan hannunta ya ɗora a goshinsa. Wanda ya tashi a hannun kaka, jikinsa ne yake yin wannan gaisuwar tun kafin hankalinsa ya iso.

Ranar Asabar ta ƙarshe kafin babban wasa, da rana tsaka, shirin kai tsaye ne. Jomar ya tura direbansa har ƙauye, aka gaya wa tsohuwa wai za a karrama jikanta. Aka zaunar da ita a kujerar gaba, bakin hanyar da 'yan wasa suke fitowa, da rigarta ta zuwa coci da kwando a cinya. Ina shirin shiga Jomar ya tare ni a bayan labule, ya nuna mini ita da baki, ya kira ni Mang Turing, yadda ake sakaya sunan dattijo.

"Mang Turing, ka buɗe ido. Yau Don zai sunkuya wa 'yar ƙauye a gaban ƙasa duka. Mu ga wa zai sake jifansa da silifa."

Na gane nan take. Mai gonaki ya kama hannun tsohuwa ya ɗora a goshi, mata su ce ayya, ashe yaron kirki ne, shi ke nan tsana ta mutu, kambu ya bi ta. Na ce masa, "Kai dai ba ka ji kunya ba." Ya ce kunya ba ta cikin kwantiraginsa.

Aka saki kiɗa, Don Severino ya fito yana taƙama, yana zagin na hagu yana zagin na dama. Ya fizge gyaɗar wani ya watsa masa a fuska. Yana juyowa sai ga ta. Ta miƙe tsaye, 'yar ƙarama, baki ba haƙori, tana murmushi har kunne.

"Rodel, jikana," ta ce, ta miƙo hannu, bayansa a sama, yadda ta saba miƙa masa tun yana rarrafe.

Ya tsaya cak. Daga kan dandali ina ganin wuyansa ya fara lanƙwasa. Mai kyamara, wanda Jomar ya riga ya shafa wa hannu, ya matso har kusa da kafaɗarsa. Rodel ya kalli jar fitilar kyamara, ya kalli hannun. Sannan ya ɗaga sanda ya make shi.

Ba wani duka mai ƙarfi ba ne, amma har inda nake na ji ƙarar azurfa a kan ƙashi.

"Wa ya bar wannan tsohuwar ta shigo?" ya ce da muryar Don. "Warin hayaƙi take yi. Ku fitar mini da ita."

Kwandon ya faɗi, ƙullin shinkafa mai danƙo da ta naɗe a ganyen ayaba suka warwatse. Ya taka ɗaya ya wuce.

Ban taɓa jin ihu irin na ranar ba. Kujeru suka fara tashi sama, masu gadi suka kewaye dandali, wata mata ta cire takalmi mai tsini ta auna kansa. A bayan labule Boss Nanding yana tsalle kamar an yi masa haihuwa. Jomar ya shigo fuska a murtuke, ya gane ya yi wa abokin gabarsa hidima kyauta, har da kuɗin mota. Haushi ya sa ya riƙa kai wa Rodel naushi na gaske, shi kuwa kamar ba jikinsa ake duka ba. Da Jomar ya shaƙe shi, na durƙusa kamar ina tambayarsa ko ya sallama, sai Rodel ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Mang Turing, tana nan?"

"Tana tsince kayanta," na ce.

Ana kashe kyamara ya fita da gudu, ko kwat bai cire ba. Na bi shi, ba don tausayi ba, don ni a ranar ƙyamarsa nake ji fiye da ta Jomar. Jomar dai kowa ya san kare ne. Muka same ta a kan benci a ƙofar baya, kwando a cinya. Ƙato guda ya zube a gabanta yana kuka da majina, ya karya dokar da bai taɓa karyawa ba.

"Lola, wasa ne. Duk ƙarya ce, tsara ta ake yi. Ba da gaske nake ba."

"Ƙarya ce?" ta tambaya.

"Ƙarya ce, Lola, na rantse."

Ta dubi bayan hannunta, ya riga ya tasa. "To ba a gaya wa sandar ba ke nan."

Ya kai hannu zai kama nata, ta janye ta cusa shi ƙarƙashin mayafin kwando. Da ɗayan ta ciro ƙulli ɗaya cikin waɗanda bai taka ba ta ajiye masa a kan benci, ta ce ya ci kada ya lalace. Ana cikin haka sai ga Boss, yana murza hannu.

"Lola, kin iya aiki. Ranar babban wasa za ki dawo? Kujerar gaba, mota kyauta, har da ɗan abin sayen sabulu."

Ta kalle shi yadda ake kallon abin da aka taka a hanya, ta tambaye ni inda ake hawa motar Batangas. Ni na raka ta tasha.

Da Disamba ta zo ɗakin wasa ya cika har waje. Boss bai damu da rashin Lola ba, ya ɗauko wata tsohuwa mai sayar da kyandir a ƙofar coci, ya saya mata kwando, aka koya mata miƙa hannu. Don Severino ya make shi, jama'a suka haukace, Walƙiya ya kwanta da man gashinsa, na doki katako, na ɗaga hannun Rodel ana tsine masa. Daga nan kuma abin ya zama na kowace Asabar, har aka fara sayar da ƙananan kwanduna a bakin ƙofa.

Rodel bai daina zuwa ƙauye ba. Ya ce mini tana dafa masa abinci, tana wanke masa kaya, suna hira. Sai dai duk lokacin da ya shigo gidan, hannuwanta biyu suna riƙe da wani abu, ko tukunya, ko tsintsiya, ko kaza. In babu komai kusa, sai ta ɗauki kwandon.

Wata Asabar bayan wasa Boss ya kira shi gefe, ina tsaye ina cire takalmi.

"Champion, wuyan nan naka yana ɓata mini aiki. Duk sanda mai kyandir ta miƙo hannu sai ka ɗan sunkuya kafin ka ɗaga sanda. Kyamara tana kamawa. Ka daina."

Rodel ya ce to, Boss, zai daina. Har ya bar sana'ar bai iya dainawa ba.