Ƙanƙara a Goshin Kulsum

Tun ranar da aka ɗaura auren ƙanwata Badiyya da Zubairu jinina bai haɗu da nasa ba, kuma ban taɓa ɓoye masa ba. Mahauci ne a abbatuwa, ga taurin kai ga rashin magana, ka yi ta zuba ya bi ka da ido. Gida ɗaya muke haya a Agege, irin mai ɗakuna suna kallon juna. Ni ina can ƙarshe kusa da rijiya inda injin markaɗena yake, su kuma suna bakin ƙofa.

Haihuwar Badiyya ta biyu ta zo da wahala har sai da aka yi mata aiki, shi ya sa Innarmu ta ce a kai mata ita Funtuwa ta yi jego a gabanta. Nan rigima ta tashi a kan babbar 'yarsu, Kulsum, mai shekara uku. Na ce a ba ni ita. Na daɗe ina son riƙonta, don 'ya'yana duk maza ne, sun girma sun kama gabansu. Kuma haka muka gada a gidanmu, 'yar ƙanwa ta yayarta ce, ni ma a hannun yayar Inna na tashi. Zubairu ya san sarai yarinyar da ta shiga riƙo a danginmu ba ta barin gidan sai ranar da za a kai ta ɗakin miji, shi ya sa ya kafe, ya fake da cewa tana zuwa nazare. Kawu Iliyasu, babbanmu a nan Legas, shi ya raba gardamar. Ya ce ta zauna wurin ubanta tunda da rana tana makaranta, amma duk ranar da makaranta ba ta karɓe ta ba, ya rasa inda zai ajiye ta, to ya miƙo mini ita ba tare da an sake zama ba.

Na zuba ido ina jiran ranar. Abin haushi, mutumin nan bai ba ni kafa ba. Ya yi mata wanka, ya dama mata koko, ya rataya kular namansa a kafaɗa, ya ja hannunta su fita. Ko gishiri bai taɓa aikowa nema a ɗakina ba.

Sai damina ta kankama, mura ta shiga gidan ɗaki ɗaki. Wata Talata da safe na fito ɗiban ruwa na same su a bakin rijiya, yana share mata hanci da gefen rigarsa. Idanunta sun yi ja, tana tari ƙasa ƙasa. Na kai hannu wuyanta kafin ya hana ni, na ji zafi rau.

Na ce masa yarinyar nan ba ta zuwa ko'ina yau. Ya ce mura ce kawai, wane yaro ne ba ya majina a Agege da damina, kuma ya ba ta farasitamol tun da asuba. Na ce mura daban, zazzaɓi daban, wanda bai taɓa goyo ba ina zai sani. Ya ce jiya ma ta ci abinci, ta yi wasa. Na ce jiya jiya ce, yau kalli yadda take jingina da ƙafarka. Muka yi ta yi har maƙwabta suka fara leƙowa da burushi a baki.

Da na ga faɗa ba ya ci, sai na sassauta murya. "To bar mini ita yau kaɗai, Zubairu. Na shafa mata man zafi, ta sha ruwan ɗumi ta kwanta. Da yamma ka ɗauki abarka."

Ya ɗago ya dube ni. "Yau kaɗai ɗinki na san shi, Yaya Kande."

Bai yi ƙarya ba, lambar Kawu Iliyasu tana saman wayata tun da na ji tarin farko. Amma gaskiyar da ya faɗa ita ta ƙara tunzura ni. Na ce masa gara a wurinsa yarinya ta galabaita a aji da ta kwanta a gadon yayar uwarta, wannan ai mugunta ce. Ya saka mata rigar sanyi da ƙaramin hijabinta, ya saɓa ta a kafaɗa ɗaya, kula a ɗayar, ya fita. Na zari mayafi na bi bayansa, markaɗen mutane yana jirana a bokitai.

Makarantar ba nisa, bayan layin dogo take. Tun lokacin korona suke auna zafin kowane yaro a bakin get da abin nan mai kama da bindiga, har yau ba su daina ba. Na san da wannan, shi ma ya sani. Ina tafe ina cewa a raina bari in ga ta inda zai bi.

Kafin ya sha kwanar ƙarshe sai ya raɓe bayan wani shagon caji, ya sauke kular, ya tsugunna. Na laɓe jikin wata motar haya, danfo, da ta lalace ina kallo. Ya buɗe kular, ya ɓalli ƙanƙarar da yake zuba wa naman kwastomominsa, ya naɗe a leda, ya ɗora wa yarinyar a goshi. Ta zabura tana ture hannunsa, shi kuma yana lallashinta, yana ce mata kaɗan ya rage. Ka ji tunanin mahauci, abin da ya yi zafi a danna masa ƙanƙara kar ya lalace. Raina ya ɓaci sosai, har ƙafata ta motsa zan fita in fizge ta. Sai na tsaya. Na ce bari ya kai kansa.

Anti Bose ce a get, Bayarbiya haifaffiyar Agege, Hausa a bakinta kamar 'yar Kano. Ta saita abin a goshin Kulsum, ya yi ƙara, ta duba ta yamutsa fuska. Ta buga shi a tafin hannu ta sake gwadawa. Ta gwada a goshin wani yaro, ya nuna daidai. Sannan ta ajiye shi ta sa hannu, goshi sanyi ƙalau, wuya kamar an ɗauko daga murhu. Ta shinshina yatsunta, ta kalli bakin hijabin da ya jiƙe da ruwa ja ja, ta kalli kular.

"Oga Zubairu, wetin be this? Ƙarnin nama nake ji a goshin yarinya."

Ya ce ruwan sama ne ya taɓa ta. Ko ɗigo ba a yi ba tun daren jiya. Anti Bose ba ta yi musu da shi ba, ta nuna masa benci ta ce su zauna tukuna. Ya zauna da 'yarsa a cinya, iyaye suna wucewa suna kallonsu. Wata mata ta janye ɗanta gefe, ta ce da Yarbanci wasu ba su damu da 'ya'yan mutane ba. Zubairu yana jin Yarbanci fiye da ni, ya sunkuyar da kai. A lokacin na fito na tsaya inda zai gan ni, na harɗe hannu.

Da aka sake aunawa abin ya yi ja. Anti Bose ta ce majina kaɗai ba ta hana yaro aji, da ita ce da rabin makarantar na gida, amma zazzaɓi ba ya shiga get ɗinta. Ta ce a kai ta a duba ta, kuma kar ta sake ganinta sai mako mai zuwa, in jikin ya sauka. Ya roƙe ta, ya ce ko a ofis a kwantar da ita, zai dawo kafin azahar. Ta ce nan makaranta ce, ba asibiti ba.

Ya koma gefe ya kira Sunusi, abokin fawarsa. Ina jin muryar Sunusi daga inda nake, yana cewa an yanka sa yana ƙasa tun ɗazu, masu gidajen abinci sun fara kira, babu wuta balle a sa a firiza, kuma shi ya gaji da rufa masa. Da yini ɗaya ne na san Zubairu zai jure. Mako guda kuwa babu mahaucin da zai iya, kuma abbatuwa ba wurin kai yaro mai zazzaɓi ba ne. Na ciro wayata na riƙe a fili, ban ma kira ba.

Ya daɗe a tsaye yana shafa bayan yarinyar. Sannan ya tako har gabana.

"Ba sai kin kira Kawu ba."

Ya miƙo ta. Kulsum ta damƙe wuyan rigarsa da hannu biyu tana kiran Abba da dasasshiyar murya, sai da na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa da ya ji magana tun a bakin rijiya da bai sha wannan kunyar ba. Ya cire jakar makarantarta ya rataya mini, ya ce kar in sa mata sukari da yawa a koko, kuma in za ta yi barci sai ta riƙe kunnen mutum, in bar mata, in ba haka ba ba za ta runtsa ba. Ya ɗauki kularsa ya tsallaka layin dogo bai waiwayo ba.

Na kai ta wurin nas ɗin unguwarmu, aka duba ta aka ba da magani. Na dawo na shimfiɗa mata sabon zanin gado, na fasa tayar da injin markaɗe don kar ƙara ta dame ta, masu bokitai suka kwashi kayansu suna ƙunƙuni. Na samu abin da na shekara ina nema, kuma ba zan ce ban ji daɗi ba.

Da azahar maganin ya fara aiki, idonta ya yi nauyi. Na kwanta kusa da ita, na cire ɗankwali, na matso da kaina. Ta miƙo ɗan hannunta mai zafi tana lalube har ta kama kunnena. Yatsunta suka ci karo da ɗan kunne. Ta buɗe ido ta dube ni, ta saki, ta juya ta fuskanci bango.