Babur Mara Feda

A shekarar 1904, duk babur ɗin da aka ƙera a birnin Coventry da fedarsa yake fitowa, domin injin lokacin gwanin cika baki ne a miƙaƙƙiyar hanya, amma da ya hango tudu sai ya nemi taimakon ƙafa. Enoch Pardoe, wani maƙerin kekuna a birnin, ya ce nasa injin ba ya roƙon kowa. Ya sa sifana ya kwance fedar duka biyu, ya watsa su cikin tarkace.

Yayansa Silas, wanda suka gaji shagon kekuna tare, bai ga abin dariya ba. Suka yi sharaɗi a kan gasar hawan tudu ta ranar Asabar: in babur ya kai ƙololuwa ba tare da an taka ba, shago ya koma ƙera babura. In ya gaza, Enoch ya koma ɗaure wayar ƙafar keke, kada a sake jin kalmar inji a bakinsa.

Ran Asabar aka wuni ana yayyafi. Mutum shida suka riga shi, kowanne ya ƙarasa da taki da haki. Enoch ya gyara hula, ya tura babur da gudu, ya ɗare. Ko ɗar bai ji ba, shi ya san abin da ya ƙera.

Sai dai shekara talatin yana kan keke. Da tudu ya miƙe, ƙafafunsa suka hau juyawa a iska da kansu, bai ma sani ba. Ya kai ƙololuwa cikin shewar jama'a, ya ɗauka yabo ne. Alƙalin gasa, da ke tsaye a ƙasa, ya hauro ya ce ya ga taki da idonsa, don haka hawan bai karɓu ba. Enoch ya nuna masa gurbin feda fayau, alƙalin ya ce ai a hanya suka faɗi.

A nan Silas ya ratso taron. Ya zaro fedar biyu daga aljihun kwat ɗinsa, ya danƙa wa alƙalin.

"Ga abin da ka ce ya taka, ranka ya daɗe. Tun safe suna jikina."

"Yaya, me ya kawo su aljihunka?" in ji Enoch.

"Na ɗauka da su za ka koma gida." Ya share ruwan da ke gemunsa. "Litinin ka fito da wuri, akwai kekunan da za mu kwashe daga shago."